Rubutun masana kan kiɗan okestira: ta ina mai kiɗan sha'awa zai shiga?

"Malam, barka da aiki. Ina busa kilarinet na biyu a wata ƙungiyar okestira ta masu sha'awa, muna haɗuwa sau ɗaya a mako bayan kowa ya tashi daga aiki. Bana za mu yi simfoni ta 5 ta Beethoven. Na ce bari in karanta abin da masana suka rubuta a kanta don in san abin da nake busawa, sai na tarar rabin maƙalolin a kulle suke sai an biya. Waɗanda na samu kuma ban wuce shafi biyu ba na ajiye: lambobin Romawa, gajerun haruffa, zane-zane, da 'duba gaɓa ta 268' ba tare da an nuna min gaɓar ba. Ina karanta nota daidai gwargwado, amma ban yi makarantar kiɗa ba. Ba don irina aka yi wannan rubutu ba ne, ko akwai hanyar shiga?"

Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe, kuma amsar duka biyun e ce. Yawancin abin da ke fitowa a mujallun ilimi ba kai marubucin yake kallo ba sa'ad da yake rubutu. Amma akwai hanyar shiga, kuma ta fi kusa da yadda kake zato. Ka lissafo abubuwa uku da suka tare ka: kuɗi, baƙin kalmomi, da lambar gaɓa, wato ɗan yankin nota da ke tsakanin layuka biyu na tsaye. Mutane kan ɗora laifin a kan kalmomin. A ganina na ukun ne babba. Kai layi ɗaya kake riƙe da shi a kan teburin nota, marubucin kuwa yana kallon cikakken kundin kiɗan, layi goma sha biyu ko kusa da haka a jere, kuma ya ɗauka kai ma yana buɗe a gabanka. Idan ka gyara wannan, rabin kalmomin da suka ba ka tsoro za su fassara kansu.

Su wa ake rubuta wa

Nazarin kiɗa ya zama fanni mai zaman kansa a jami'o'in ƙasashen da ke magana da Jamusanci a ƙarshen ƙarni na 19. Ana yawan kafa tarihinsa da maƙalar da Guido Adler ya wallafa a 1885, inda ya zayyana iyakokin fannin da hanyoyinsa. Tun daga nan maƙalar mujalla take da aiki ɗaya: ta faɗi abin da ba a faɗa ba, a gaban masana biyu ko uku da za su tantance ta kafin a buga. Wanda ya ɓata shafi uku yana bayanin abin da kowane ɗalibin shekara ta biyu ya sani, za a ce masa ya rage. To ga kiɗa irin simfoni ta 5, wadda ake rubutu a kanta tun sharhin E.T.A. Hoffmann na 1810, abin da ya rage ba a faɗa ba ƙanana ne ƙwarai, kuma masu zurfi. Shi ya sa sabuwar maƙala kan shahararren kiɗa ta fi wuyar shiga. Ka faɗa tsakiyar hirar da aka fara shekara ɗari biyu da suka wuce.

Akwai kuma dalili na aljihu. Buga misalin nota yana cin wuri, kuma idan kiɗan ko bugun nasa yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka sai an nemi izini, wani lokaci a biya. "Duba gaɓa ta 268" kyauta ce. Ba kuma kai kaɗai ka yi wannan kuka ba: Joseph Kerman, wanda babban masani ne, ya rubuta maƙala a 1980 yana sukar yadda nazarin ƙirar kiɗa ya rufe kansa a ɗaki.

Batun kuɗi

Wannan ba zan daɗe a kai ba, domin yana da magani. Shafin IMSLP, wanda aka buɗe a 2006, yana ɗauke da cikakken kundin simfonin da takardun kowane kayan kiɗa kyauta, har da tsofaffin littattafan koyar da haɗa okestira. Mujallar Music Theory Online kyauta ce tun 1993, kuma sau da yawa tana haɗa misalin nota da sautin da za ka danna ka ji. JSTOR, rumbun mujallun ilimi a intanet, yana barin wanda ya yi rajista ta kyauta ya karanta wani adadin maƙaloli a kan allo kowane wata. Kundayen digiri na uku da yawa suna nan a buɗe a rumbunan jami'o'i, kuma waɗanda makaɗa suka rubuta, ba masu nazarin ƙa'ida ba, sukan yi magana da harshen da za ka gane. Idan maƙala ɗaya ce ta tsaya maka, rubuta wa marubucin gajeren saƙo ka nema. Da yawa sukan aiko. Ƙamus ɗin kiɗa na Grove, wanda bugunsa na 2001 ya kai juzu'i 29, an fi samunsa ta hanyar ɗakin karatu mai rajista. Ka tambaya kafin ka sa hannu a aljihu.

Kundi a gaba, fensir a hannu

Ga inda aikin yake. Simfonin babi huɗu ce. Ka buga babi na farko na kundin a takarda, kada ka dogara da allon waya, domin sai ka yi rubutu a kai. Tsofaffin bugu da yawa ba su da lambar gaɓa, haruffan bita kawai suke da su, kuma harafin da ke wani bugu ba lallai ya yi daidai da na wani ba. Don haka sai ka ƙirga da kanka, ka rubuta lamba a farkon kowane jeri. Babin yana da gaɓa 502. Ga wuraren da za ka gwada lissafinka da su: ƙahoni suna shiga su kaɗai a gaɓa ta 59, alamar maimaitawa tana ƙarshen ta 124, jigon farko yana dawowa da dukan ƙungiya a ta 248, obo yana tsayawa shi kaɗai a hankali a ta 268, basun yana yin kiran ƙahonin a ta 303. Idan lissafinka bai faɗa a kan waɗannan ba, ka koma baya. Yawanci an tsallake gaɓa ne a wurin juya shafi. Aikin zai ci maka kamar rabin sa'a, kuma shi ne rabin sa'a mafi riba a duk wannan harka.

Jerin kayan kiɗa a kundi ba ya canzawa sosai: kayan busa na katako a sama, sarewa, obo, kilarinet, basun; sai na tagulla; sai ganguna; sai masu tsirkiya a ƙasa, daga bayolin na ɗaya har zuwa babban bas. Abin da ke ruɗa mutum shi ne ba duk layin ne ke faɗin sautin da kunne zai ji ba. Kai ka riga ka san wannan a jikinka. Simfonin tana buɗewa da masu tsirkiya da kilarinet biyu kaɗai, ba sauran masu busa. Masana za su rubuta G G G E fulat, takardarka kuwa tana cewa A A A F, domin kilarinet na B fulat yana fitar da sauti taki ɗaya ƙasa da abin da aka rubuta. Kusan duk maƙala da sautin da ake ji take magana. Saboda haka duk notar da marubuci ya ambata, ka ɗaga ta taki ɗaya kafin ka neme ta a takardarka. Mutane da yawa sun ajiye maƙala suna cewa marubucin ya yi kuskure, alhali wannan ne kawai.

Ƙahonin babi na farko na E fulat ne: idan an rubuta C, E fulat da ke ƙasa ake ji, tazarar taki na shida. Layin biyola yana da tasa alamar, inda layin tsakiya shi ne C ta tsakiya. Babban bas yana sauka oktaf ɗaya ƙasa da rubutunsa. Sai sunaye. A Jamusanci harafin B yana nufin B fulat, B zalla kuwa H ake ce mata, Es kuma ita ce E fulat. Idan ka ga "Clarinetti in B" da "Corni in Es" a gefen shafi, naka kilarinet ɗin ake nufi. "Trombe" na Italiyanci taramfet ne, ba tarambon ba, kuma "alto" a kundin Faransa biyola ce. Ka rubuta fassarar waɗannan da fensir a shafin farko sau ɗaya, ka huta.

Daga nan sai saurare, sau uku, kowanne da aikinsa. Na farko ka bi layinka kawai, don idonka ya saba da saurin juya shafi, wanda a wannan babin yana da tsanani. Na biyu ka bi layin bayolin na ɗaya, ka yi da'ira a duk inda jigo ya bar hannunsu ya koma wani wuri. Na uku ka bi celo da bas. Wannan na ukun shi mutane ke tsallakewa, kuma shi ne mai buɗe ido. Dubi gaɓa ta 63: bayolin suna fara jigo na biyu mai laushi, kilarinet na ɗaya ya karɓa a ta 67, sarewa a ta 71, amma a ƙasa celo da bas suna ta buga tsarin notoci huɗun nan na farko a hankali. Marubuci zai yi shafi guda yana bayanin wannan da manyan kalmomi. Kai ka gani da ido ka ji da kunne cikin daƙiƙa goma, kuma idan ka koma shafin nasa za ka tarar yana karantuwa.

Kalmomi da alamomi

Lambobin Romawa sunayen haɗin sauti ne, ana ƙirga su daga gidan da kiɗan yake zaune. A C maino, na ɗaya shi ne C, E fulat, G, ana yawan rubuta shi da ƙaramin harafi don nuna maino ne. Na biyar, V, shi ne G, B, D. Tarkon shi ne lambar tana bin gida. Da kiɗan ya koma E fulat mejo a gaɓa ta 59, V ya zama B fulat, D, F. Kullum ka fara neman inda marubuci ya faɗi gidan da yake ƙirga daga gare shi, yawanci harafi ne da ɗigo biyu a farkon jerin lambobin.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga mai busa na biyu, wanda rayuwarsa duk riƙe notar tsakiya ce. Idan ka duba kundi ka ga notar da kake riƙewa ita ce ta uku a haɗin mejo, ka san tana zama daram ne idan ka sauke ta kaɗan, kimanin kashi 14 cikin 100 na rabin taki ƙasa da abin da na'urar saita sauti za ta nuna. Idan ta uku ce a haɗin maino, sai ka ɗaga ta kimanin kashi 16. Ba a yin wannan a guje, a dogayen notoci ake yi. Ka zaɓi wurare biyar ko shida a babi na biyu, ka sa ƙaramar kibiya sama ko ƙasa. Wanda ke zaune kusa da kai zai ji bambancin tun kafin ya san dalili.

Gajerun haruffan yawanci sunayen wuraren tsayawa ne. PAC cikakkiyar rufewa ce, daga V zuwa gida, jigon ma ya sauka a kan notar gida. HC tsayawa ce a kan V, magana ba ta ƙare ba, kamar a gaɓa ta 21 inda bayolin na ɗaya ke riƙe G su kaɗai. Idan ka ga P, TR, MC, S da EEC, marubucin yana bin tsarin littafin James Hepokoski da Warren Darcy na 2006: jigo na farko, gada, ɗan numfashin da ake yi a tsakiya, jigo na biyu, da rufewar da ke tabbatar da sabon gida. Ba su kai ashirin ba, waɗanda za ka riƙa haɗuwa da su. Ka yi musu takarda guda ka liƙa a bangon kundinka. Littafin Open Music Theory, wanda ke intanet kyauta, yana bayanin yawancinsu da misalai.

Ƙirar babin kanta kashi huɗu ce: gabatarwa daga 1 zuwa 124, sarrafa jigogi daga 125 zuwa 247, dawowa daga 248 zuwa 373, rufewa daga 374 zuwa 502. Ka lissafa tsawonsu: 124, 123, 126, 129. Rufewar, wadda a simfononin da suka gabata kan zama 'yar gajeriya, a nan ita ce mafi tsawo. Ma'anar wannan ga mai busa ita ce idan ka zuba duk ƙarfinka a 248 kana ganin an iso, akwai sauran rabin tafiya, kuma leɓenka zai gaya maka a 400.

Zane-zanen nan masu notoci marasa gaɓa da dogayen layuka na bin hanyar Heinrich Schenker ne, wanda ya rasu a 1935. Abu ɗaya ya kamata ka sani: farar nota a zanensa ba tsawon lokaci take nunawa ba, muhimmanci take nunawa a ƙashin bayan kiɗan. Wanda ya karanta zanen kamar nota ta yau da kullum zai ruɗe. Ni dai shawarata ka bar su a wannan zagayen. Hanya ce mai zurfi, tana buƙatar shekara ɗaya ko biyu ta koyon haɗin sauti, kuma ba ita za ta gyara maka shiga a kan lokaci ba. Haka ma lambobi irin 4-Z15, daga littafin Allen Forte na 1973. Don kiɗan ƙarni na 20 marar gida aka yi su, ba ruwan Beethoven da su.

Littattafan da ke tsakiya

Tsakanin bayanin da ke bangon faifai da maƙalar mujalla akwai fili mai faɗi, kuma nan ne wurinka. George Grove, wanda ƙamus ɗin nan ke ɗauke da sunansa, injiniya ne asali, kuma littafinsa na 1896 kan simfononin Beethoven tara ya faɗa tun a gabatarwa cewa masu sha'awa yake rubuta wa. Yana cike da misalan nota, kuma kyauta ne yanzu. Tsufa ya kama wasu bayanansa na tarihi, amma yana tafiya da kai daga farko zuwa ƙarshe. Donald Tovey ya fi shi kaifi. Juzu'ai shida na sharhinsa, waɗanda suka fito tsakanin 1935 da 1939, asalinsu bayanan da yake rubuta wa masu zuwa sauraron okestirarsa ne a Edinburgh. A kan wannan simfoni ya ƙi yarda da maganar da kowa ke maimaitawa cewa daga notoci huɗu aka gina babin. A ganinsa dogayen jimloli ne ke ɗauke da shi. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, gwada sauraron gaɓa ta 6 zuwa ta 21 kana jin ta numfashi ɗaya, ka ga yadda take sauya kama.

Bayan su sai jerin Norton Critical Scores, wanda ke haɗa kundi da zaɓaɓɓun rubuce-rubucen masana a littafi ɗaya. Na simfoni ta 5 ya fito a 1971. The Classical Style na Charles Rosen, shi ma na 1971, ya fi wuya, amma mai kaɗa fiyano ne ya rubuta shi, kuma kunne yake yi wa magana. Don sanin kayan kiɗan maƙwabtanka, littafin Samuel Adler na haɗa okestira, wanda aka fara bugawa a 1982, shi ake koyarwa da shi a makarantu da yawa, kuma yana zuwa da sautukan misalai. Na Berlioz da na Rimsky-Korsakov suna da daɗin karatu, sai dai kayan kiɗan zamaninsu suke bayani, kuma wasu sun canza.

Wani gargaɗi: sauƙin karatu ba shaidar gaskiya ba ne. Labarin nan da ake cewa Beethoven ya kira notoci huɗun ƙaddara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, daga bakin Anton Schindler ya fito, mutumin da bincike a shekarun 1970 ya tabbatar ya ƙara rubutun ƙarya a littattafan hirar Beethoven bayan rasuwarsa. Masanan da rubutunsu ya gundure ka su ne suka tono wannan.

Idan ka koma maƙalar mujalla, kada ka fara daga shafin farko. Karanta taƙaitaccen bayanin sama, ka tsallaka zuwa sakin layi biyu na ƙarshe, sannan ka duba misalan nota ɗaya bayan ɗaya kana nemo su a kundinka kana sauraro. Kashi ɗaya bisa uku na farko galibi gaisawa ce da waɗanda suka riga shi rubutu. Kuma akwai gwaji mai sauƙi: ka leƙa shafukan ka ga ko ana yawan ambaton lambar gaɓa. Idan ana yi, za ka iya bi ko da a hankali. Idan sunayen masu falsafa sun fi lambobin gaɓa yawa, wata hira ce daban, mai daraja a wurinta, amma ba za ta bi ka ɗakin bita ba.

Abin da karatun zai canza a ɗakin bita

Reshen da ya fi amfanar makaɗi shi ne binciken yadda ake kaɗa kiɗan a zamaninsa da binciken rubutun asali. Littafin Clive Brown na 1999 kan salon kaɗawa daga 1750 zuwa 1900 babba ne, ba a karanta shi daga bango zuwa bango. Ka nemi abin da kake so a fihirisa, kamar ma'anar ɗigo da ɗan tsinke a kan nota, ko alamar sf. Ga misalai uku daga simfoninka.

Kiran da ƙahoni suka yi a gaɓa ta 59, basun aka ba a ta 303. Ƙahon zamanin ba shi da bawul. Ba a yi rajistar ƙirƙirar bawul ba sai 1818, shekara goma bayan an fara kaɗa simfonin a Disambar 1808. A ta 59 duk notocin suna fita a buɗe a ƙahon E fulat. A ta 303, da kiran ya koma C mejo, biyu daga cikinsu sai an toshe bakin ƙahon da hannu, su fito a shaƙe. Jagororin okestira da yawa a ƙarni na 19 da na 20 sun mayar wa ƙahoni wurin, suna cewa da Beethoven yana da bawul da haka zai yi. Wasu sun ce basun yake so, da gangan. Idan tsofaffin takardun haya ƙungiyarku ke amfani da su, mai yiwuwa wani ya riga ya rubuta wannan gyara da fensir a takardar ƙaho, kuma yanzu ka san daga ina ya fito.

Na biyu, sauri. A 1817 aka buga lambobin na'urar auna bugu da Beethoven ya ba simfononinsa takwas na farko. Na wannan babi 108 ne ga kowace gaɓa a minti. Gaɓa 502 da maimaita 124 sun zama 626. Ka raba da 108, ka samu ƙasa da minti shida kafin a ƙara tsaye-tsaye. Akwai faifai da suka haura minti takwas. Masana sun rabu: wasu na ganin lambobin umarni ne, wasu na zargin na'urar ko yadda ya karanta ta. Ƙungiyar sha'awa da wuya ta kai 108 da tsabta, amma sanin lambar yana gaya maka bugu ɗaya ake ji a gaɓa, ba biyu ba. Ka kuma lura gaɓar farko da hutu take farawa, notoci ukun kuma masu wutsiya ɗaya ne na yau da kullum. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a busa su kamar 'yan uku masu nauyi a ta farko. Nauyin yana kan ta huɗu, kuma tsayawa ta biyu, inda ake riƙe doguwar nota, ta fi ta farko tsawo da gaɓa guda.

Na uku, ko za a maimaita babi na uku da tsakiyarsa gaba ɗaya kafin sashen ƙarshe mai raɗa. Bugun Peter Gülke na shekarun 1970 ya goyi bayan maimaitawa, bugun Jonathan Del Mar na ƙarshen shekarun 1990 bai goya ba. Kowannensu ya duba rubutun hannun Beethoven da takardun farko. Irin wannan bayani a littafin sharhin da ke rakiyar bugun ake samunsa, gaɓa bayan gaɓa, kuma duk da bushewarsa ya fi maƙaloli da yawa sauƙin bi, domin tambayarsa irin taka ce: me aka rubuta a nan?

Iyakar abin

Karatu ba zai ba ka hurumin gyara wa jagora ba. Shi ke yanke sauri da maimaitawa, kuma yana yanke su ne da la'akari da mutanen da ke gabansa da ɗakin da za a yi wasan. Idan kana da tambaya, ka same shi lokacin hutu da lambar gaɓa a hannu. Tsakiyar bita ba wurinta ba ne. Sannan akwai rubutun da ba wata dabara da za ta buɗe shi sai an zauna an koyi haɗin sauti da tsari, kuma a wurare da dama masanan da kansu ba su daidaita ba, don haka kada ka ɗauki maƙala ɗaya hukunci. Ka kuma fara tun yanzu, babi ɗaya a mako biyu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Makon wasa na hannu ne da leɓe.

Tunda kilarinet kake busawa, ka duba takardarka ta babi na huɗu yau ɗin nan. Beethoven ya rubuta shi don kilarinet na C, ba na B fulat da ka busa babi uku na farko da shi ba. Idan ba ka da na C, ko dai ka riƙa ɗaga kowace nota taki ɗaya da ido, C mejo ta zama D mejo mai shaf biyu, ko ka nemi takardar da aka riga aka juya. Babi na uku yana zarcewa cikin na huɗu ba tsayawa, don haka ka shirya juya shafin tun da wuri. Idan juyayyiyar takarda ka samu daga intanet, ka gwada lambobin gaɓarta da na kundin jagora kafin ranar bita, musamman bayan alamar maimaitawa, domin wasu bugu suna ƙirga ƙarshe na ɗaya da na biyu lamba guda, wasu kuma lamba biyu.